Tsohuwar Ƙofar Magudana

An ce wai, kuma masu faɗar ba mutane ne masu ƙari ba, a wani gari na bakin fadama inda noman rani ne abincin kowa, an yi wata mata mai ilimin kwamfuta ana ce da ita Malama Hansatu. Mace ce mai ƙarancin magana da yawan saurare, irin wadda idan ta yi shiru sai mai gardama ya fara jin nauyin bakinsa. Ita ce shugabar wasu masu rubuta manhaja da suka haɗa kai suka gina wata manhaja mai suna Magudana. Aikin Magudana shi ne raba ruwan madatsa tsakanin manoma, wane gobe da safe, wane jibi da yamma, don kada mai ƙarfi ya shanye rabon mai rauni.

Magudana ba mallakar mutum ɗaya ba ce. Rubutunta a buɗe yake, duk mai so ya karanta, ya ɗauka, ya gyara, ba sai ya nemi izinin kowa ba. Saboda haka mutane da yawa suka rubuta nasu ƙananan manhajoji suka jingina su da ita. Wannan ya yi wadda ke aika wa manoman unguwarsu saƙon waya cewa gobe ruwansu ne, wancan ya yi wadda ke tayar da injin ban ruwa idan lokaci ya yi. Duk waɗannan suna magana da Magudana ne ta hanya guda da aka tanada, inda ƙaramar manhaja ke miƙa tambaya ta karɓi amsa, ko ta miƙa canji idan maƙwabta biyu sun yi musayar rana. Masu sana'ar suna kiran wannan hanya ƙofa.

To, ƙofar nan tana da aibi guda. An gina ta ne tun lokacin da masu amfani da Magudana duk an san su da fuska, don haka ba ta tambayar mai shigowa ko shi wane ne. Shekaru aka yi ba wanda aibin ya dama, domin ba wanda ya yi tunanin mugunta. Sai da aka samu wanda ya yi.

Wata rana da hantsi, wani manomi mai suna Mudi ya yi sallama a ofishin Malama Hansatu ɗauke da kwando. Ya dire shi a kan teburinta. Albasa ce a ciki, ƙanana, yamutsattsu, ba mai saye ko a kasuwar yamma.

Ya ce, “Malama, ga amfanin gonata na bana na kawo miki ki gani. Saƙo ya zo mini cewa ba ranata ba ce, na haƙura. Ya sake zuwa cewa ba ranata ba ce, na sake haƙura. Ashe wani ne ya shiga na'urarku ya juya ruwana zuwa wani wuri. Ni ban san kwamfuta ba, amma na san kafin ku zo, wanda zai saci ruwana sai ya taho da fartanya na gan shi da idona.”

Maganar ta soki Malama Hansatu, kuma ba ta ɓoye ba. Ta dubi kwandon ta ce, “Malam Mudi, ba ni da kalmar da za ta mayar da wannan albasa ɗanya. Amma ga alkawarina, ka riƙe shi: in Allah ya yarda ba wata gona da za ta sake bushewa ta dalilin Magudana, ko ta hannun ɓarawo, ko ta hannunmu.”

Da ya tafi, ta ɗauki albasa guda daga kwandon ta ajiye a gefen kwamfutarta. Sannan ta aika aka kira mata manyan abokan aikinta biyu.

Na farko shi ne Haladu, mutum mai kaifin ƙwaƙwalwa da saurin hannu, wanda idan ana bayani yakan riga mai bayanin isa ƙarshe, sannan ya tsaya yana jiransa da ƙosawa. Shi ne ya gina sabuwar ƙofa tun daminar da ta wuce, ƙofa mai kyau wadda ba ta barin kowa ya wuce sai ya nuna ko shi wane ne. Na biyu shi ne Malam Jatau, dattijo, wanda tare da shi aka aza harsashin Magudana, kuma da hannunsa ya rubuta tsohuwar ƙofar. Yana son ta kamar yadda mutum ke son tsohon kekensa, ya san inda take ƙara, kuma ba ya son a faɗa.

Haladu ne ya fara magana. Ya ce, “Malama, ba wani dogon zance. A rufe tsohuwar ƙofa cikin makon nan. Sabuwa tana nan a shirye. Tun damina na rubuta sanarwa a shafin Magudana cewa tsohuwa ta kusa tafiya, kowa ya koma sabuwa. Har yau ba mutum ɗaya da ya ce uffan. Wanda aka sanar bai yi magana ba, ai ya yarda ke nan. Duk ranar da muka ƙara da ƙofar nan a buɗe, ɓarawo muke yi wa shimfiɗa.”

Malam Jatau ya gyara zama ya ce, “Hansatu, ranar da muka buɗe ƙofar nan mun ce wa jama'a su zo su gina a kanmu, ba za mu zame musu ba. Sun amince, sun gina. Yanzu a tsakiyar rani, albasa na sa kai, tumatir na fure, za mu janye musu ƙasa daga ƙarƙashin ƙafa? Ɓarawo gona ɗaya ya busar. Mu idan muka rufe, ba mu san ko nawa za mu busar ba. Ni ra'ayina a bar ta yadda take, har abada in ta kama. Alkawari ba ya tsufa don wanda ya yi shi ya samu sabuwar dabara.”

Malama Hansatu ta ga cewa kowannensu ya riƙo gaskiya ta gefe guda, kuma kowane gefe idan aka bi shi kaɗai gonar wani zai busar. Ta dubi Haladu ta ce, “Su wa ke karanta shafin da ka yi sanarwar?”

Ya ce, “Masu rubuta manhaja mana.”

“Wanda ya rubuta manhajar saƙo ta unguwar masu tumatir, ina yake yanzu?”

“Ya koma Legas da aiki.”

“Wanda ya yi ta injinan yamma da madatsa fa?”

Haladu ya ɗan sassauta murya ya ce, “Allah ya yi masa rasuwa.”

Ta ce, “Allah ya ji ƙansa. Manhajarsa kuwa ba ta mutu ba, tana nan tana aiki, kuma ba ta iya karanta sanarwa. To wa ka sanar?”

Haladu ya ce, “Sawun da muke gani a ƙofar, Malama, yawanci na matattun manhajoji ne da ba mai amfani da su. Na tabbata.”

Ta juya ga Malam Jatau ta ce, “Malam, su wane ne ke bi ta ƙofar taka?”

Ya ce, “Wannan kam sai Allah. Muna ganin sawu, ba ma ganin fuska.”

Ta ce, “Ke nan ɗayanku yana so ya rufe wa mutanen da bai sani ba, ɗayan yana so ya buɗe wa mutanen da bai sani ba. Ku ba ni zuwa gobe.”

Ta wuni tana juya al'amarin. Tsoro ya kama ta ƙwarai, domin ta yi alkawari da bakinta a gaban mutumin da ya riga ya yi asara, kuma duk hanyar da ta duba sai ta hango wani Mudi tafe da kwandonsa. Amma ba ta cikin masu barin tsoro ya zaɓa musu. Da yamma tana tafiya gida sai ta ga mutane sun taru a bakin wata hanya da aka tare da itace ana gyaran kwalbati, kowa na tambayar ta ina zai bi. Ta lura cewa da yawansu ba ta taɓa sanin suna bin hanyar ba sai yau da aka tare ta. Ta tsaya tana kallonsu har mai gyaran ya tambaye ta ko lafiya.

Washegari ta tara su ta ce, “Ku saurara, ga hukuncina. Tsohuwar ƙofa za ta rufu, wannan babu ja da baya, domin ƙofar da ba ta bambanta mai gida da ɓarawo ba ta cika alkawarin da aka yi da ita. Amma ba za ta rufu a kan gonar kowa ba. Sanarwar da aka manna a shafi ba ta isa inda ake bukatarta ba, saboda haka ƙofar da kanta za ta yi sanarwar. Ranar Laraba bayan la'asar, lokacin da ƙananan manhajoji ke zuwa tambayar rabon gobe, za mu rufe ta na ɗan lokaci, gwargwadon a dafa shayi a sha. Duk manhajar da ta zo a lokacin, maimakon rabon ruwa, a ba ta wannan amsa: saƙonka ya biyo ta tsohuwar ƙofa da za a rufe, ka kira wannan lamba. Ita ba ta san bambanci ba, abin da aka ba ta shi za ta kai wa manomi a wayarsa. Wadda ba ta iya kai saƙo za ta tsaya cik, mai ita ya lura tun da sauran rana. Kafin magariba mu buɗe, kowa ya samu rabonsa na gaskiya, ba gonar da za ta rasa ruwan safe. Mako mai zuwa mu ƙara tsawon rufewar, haka haka, har ranar da za mu rufe wuni guda cur ba wanda ya kira.”

Haladu ya ce, “Lambar wa za a sa?”

Ta ce, “Taka. Kai ne mai son a rufe, to kai za ka amsa wa duk wanda rufewar ta taɓa. Kuma ba cewa za ka yi masa ya je ya karanta shafi ba. Da hannunka za ka gyara masa manhajarsa ka haye da shi sabuwar ƙofa.”

Malam Jatau ya yi murmushi har da shafa gemu, yana ganin shari'a ta yi kyau. Sai ta juyo gare shi.

Ta ce, “Kai kuma, Malam, kai ne mai son a bar ta a buɗe, to kai ne maigadinta. Daga yau duk canjin rana da ya shigo ta tsohuwar ƙofa ba zai wuce ba sai ka kira mai gonar ka ji daga bakinsa cewa shi ya nema. Muddin tana buɗe, wannan aikinka ne, safe da yamma.”

Murmushin ya ragu. Amma dattijo ne, kuma shi ya ce har abada, don haka ya ce ya karɓa.

Ranar Laraba ta zo. Bayan la'asar suka zauna su uku, Haladu ya ajiye wayarsa a tsakiyar tebur da irin ajiyewar mutumin da ya tabbata ba za ta yi ƙara ba. Malama Hansatu ta ce bismillah, ya danna, ƙofa ta rufu. Ta kafa wa albasar nan ido.

Ba a kai ko lokacin tafasar ruwan shayi ba wayar ta ɗauki ƙara. Haladu ya duba sunan mai kiran, sai fuskarsa ta canza. Ya ɗauka ya rusuna a zaune, ya ce, “Baba, barka da yamma.”

Muryar mahaifinsa, Malam Ilu, ta fito har sauran suna ji. “Haladu, me ka aikata ne? Saƙon ruwa ya zo, maimakon ya gaya mini ranata sai ya ce in kira ka. Ba ni kaɗai ba, duk unguwarmu haka ya zo musu. Ga su nan cike da ƙofar gida suna tambayata ko ɗana ya zama madatsa.”

Haladu ya ce, “Baba, wai ta ina kuke samun saƙon ruwa?”

“Ji wata tambaya! Ba kai ka haɗa mana ba shekarar da ka gama karatu? 'Yar na'urar da ka ajiye a shagon Inuwa mai cajin waya, ka ce kada kowa ya taɓa? To ba wanda ya taɓa. Har ƙyalle Inuwa ke rufa mata. Yanzu dai gaya mini, gobe ruwana ne ko ba nawa ba? Albasar nan ta sa kai, in ta yi kwana biyu ba ruwa ai sai dai a ba awaki.”

Haladu ya duba ya gaya masa cewa gobe da safe ruwansa ne, ya karanta masa na maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Da ya ajiye wayar ya kasa ɗaga kai. Da hannunsa ya rubuta wannan manhaja, da hannunsa ya jingina ta da tsohuwar ƙofa, sannan ya manta da ita sarai, kamar yadda ake manta abin da bai taɓa ba da wahala ba. Da an bi shawararsa an rufe cikin makon nan, da gonar farko da za ta bushe ita ce wadda aka sayar da amfaninta aka kai shi makaranta.

Ya ce, “Malama, kin san da wannan?”

Ta ce, “Wallahi ban sani ba. Abin da na sani kawai shi ne, wanda abu ke yi wa aiki lafiya ba ya zuwa ya gaya maka. Ɗauki wayarka, ga wani kiran.”

Haka wayar ta yi ta ƙara har aka buɗe ƙofa, ta kuma ci gaba bayan an buɗe. Aka ji daga unguwannin da ba a san Magudana ta kai ba, har da wata ƙungiyar mata masu lambun alayyafo a can ƙarshen fadama. Kowa ya samu rabonsa kafin magariba, kuma da safe ruwa ya shiga kowace gona a kan lokacinta.

Tun daga ranar Haladu ya zama wani mutum. Ya ɗauki babur ya shiga ƙauyuka, ya fara da shagon Inuwa mai caji. Inda mai manhaja ke raye ya zauna da shi suka gyara tare, inda ya tafi ko ya rasu ya gyara da kansa, ya kuma koya wa wani a wurin yadda zai kula da ita. Mutumin da a da ba ya iya jiran a gama jimla, sai ga shi zaune a kan tabarma yana sauraron tsohuwa tana ba shi tarihin lambunta kafin ta nuna masa inda na'urar take. Kowace Laraba rufewar na ƙara tsawo, kiran kuma na raguwa.

Shi kuwa Malam Jatau, gadi ya ci masa tuwo a ƙwarya. Manoma ba sa gajiya da musayar rana: wannan zai je suna, wancan zai je jana'iza, wani injinsa ya lalace. Kowane canji sai ya kira, kuma manomi idan yana cikin kwari ba ya jin waya sai an yi ta kira. Abincinsa ya riƙa hucewa a gabansa, har matarsa ta fara tambaya ko tsohuwar ƙofar ce za ta riƙa yi masa girki. Duk da haka bai yi ƙorafi ba, sai ranar da wani canji ya shigo da sunan wata gwauruwa, wai ta bar wa wani ruwanta na mako guda. Ya kira ta. Ta ce ita ba ta san zancen ba, kuma wannan lambun shi ne abincin marayunta. Malam Jatau ya hana canjin wucewa, sannan ya tashi ya tafi wurin Malama Hansatu.

Ya ce, “Hansatu, na janye har abada ɗin nan. Yau na tare, amma ni mutum ne, wata rana zan yi gyangyaɗi. Ƙofar da sai an tsaya a bakinta kullum kafin ta zama amana, lokacinta ya wuce. Ki ba ni rabin ƙauyukan da suka rage wa Haladu, ni ma ina da babur.”

Ta ji daɗin maganar har cikin ranta, domin ta san wahalar da ya sha kafin ya faɗe ta.

Sai da zafin bazara ya kai matuƙa, lokacin da ruwa ya fi kowane lokaci tsada a wurin manomi, sannan Malama Hansatu ta ce a rufe wuni guda cur. Malam Jatau ya ce ko a bari sai ruwan sama ya sauka, ya fi sauƙi. Ta ce a'a, idan damina ta faɗi ba mai neman ruwan madatsa, shirun da za a ji a lokacin ba zai gaya musu komai ba. Ana so a ji shiru ne a ranar da duk mai bukata zai yi ihu.

Suka rufe tun bayan sallar asuba. Hantsi ya yi, wayar Haladu na kwance. Azahar ta wuce, aka yi la'asar, lokacin da manhajoji ke tambayar rabon gobe ya zo ya wuce, ba motsi. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, sai wayar ta yi ƙara.  Haladu ya duba, ya ɗauka a hankali ya ce, “Baba?”

Malam Ilu ya ce, “Kwantar da hankalinka, saƙo ya zo daidai, gobe da yamma ne nawa. Na ji an ce yau kuna zaune kuna jiran wanda zai kira, na ce bari in kira kada ku yi zaman banza. Kuma ka gaya wa Malamar taku an fara cire albasa, ta aiko a ɗaukar mata, tun da ta Mudi ba ta ciwuwa.”

Malam Jatau ya yi dariya har hularsa ta zame. Haladu ya rufe fuska da tafin hannu, ba a san ko dariya yake ko kuka ba. Malama Hansatu ta dubi Malam Jatau ta ce, “Malam, kai ka buɗe tsohuwar ƙofar nan da hannunka, kai ya kamata ka rufe.” Dattijon ya matso, ya yi bismillah, ya goge tsohuwar ƙofa daga cikin Magudana. Aka kuma rubuta wannan tsari ya zama ƙa'idarsu ga duk ƙofar da za a sauya nan gaba, har da sabuwar, domin Malama ta ce ita ma wata rana za ta tsufa.

Sannan ta ɗauki busasshiyar albasar nan da ta yi rani guda a gefen kwamfutarta, ta sa a jaka. Washegari ta tafi har gonar Mudi, ta same shi tsaye ruwa na kwarara cikin kwarin sabuwar shukarsa. Ta miƙa masa ita ta ce, “Malam Mudi, ga ajiyarka. Ba a ƙara samun ta biyu ba.”

Mudi ya juya albasar a hannunsa, ya dubi ruwan, ya ce, “Allah ya saka da alheri, Malama.” Ya tona ƙasa da yatsa a bakin kwarin ya binne ta.

Masu hikima suka ce, daga wannan a ɗauki darasi: shirun wanda ba a taɓa ba, ba yarda ba ce. Wanda zai rufe ƙofa, ya fara sanin masu bi ta cikinta ya haye da su, wanda kuma zai bar ta a buɗe, ya yarda ya tsaya gadinta.